Tuwon Ɗanliti Ba Gishiri

Tun da aka sauya doka, ba a rataye wanda ya sake yin kisa sai mutanen unguwarsu sun dangwala yatsa sun yarda, kuma wanda ya fara dangwalawa shi ke dafa masa abincin ƙarshe. A unguwarmu Gwaggo Asabe ce ta fara. Can baya Ɗanliti ya kashe wani mai shayi, unguwa ta roƙa aka yi masa afuwa, ya fito ya kashe ƙaninta.

Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta ɗauko gishiri, sai ta mayar. "Ya ci lami," ta ce, "shi ma ya ji."

A gidan yari ta tura masa kwanon ta taga, tana jiran ya yamutsa fuska. Ya cinye tas, ya wanke kwanon da ruwan shansa, ya sa goron da gandiroba ya ba shi a ciki.

"An gode, Gwaggo. Kar kwano ya koma haka."

A bakin ƙofa Iya Tabawa, mahaifiyarsa, na zaune a ƙasa, don doka ta hana ta shiga. Ta miƙe ta kama hannun Asabe.

"Ya ci?"

"Ya ci, Iya."

"Alhamdu lillahi. Da na ji ke ce, hankalina ya kwanta. Duk unguwar nan ba mai hannun miya irin naki."

Asabe ta rufe kwanon da mayafi, amma har gida tana jin goron yana bugunsa.