Gaisuwa a Koren Layi

Tun da aka bar wa kekuna tsakiyar titunan Kano, kowa da irin kukansa. Direbobi sun ce an ƙwace musu hanya, masu shaguna sun ce babu wurin sauke kaya. Sallau tela kuwa doka guda ce ta tsaya masa a rai: ba a tsayawa a koren layin da aka ware wa kekuna. Duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa, kekensa zai kulle kansa sai gobe.

Ranar Talata ya ɗauko farfesun kaza zai kai wa matarsa Laraba, wadda ta haihu a asibiti. Yana cikin tafiya a kan keke sai ya hango mahaifinta, Malam Ɗanjummai, a bakin titi yana dogara sanda. Yanzu ƙararrawa ake kaɗa wa manya a wuce.

Sallau ya dubi ƙararrawar, ya ja tsaki, ya ja birki. Keken ya yi ƙara ya kulle. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Kai, Sallau! Wa ya ce ka sauka? Asibitin fa da nisa!"

"Ƙafa tana nan, Baba. Zan kai farfesun da zafinsa."

Wata budurwa a kan keke ta rage gudu a gefensu. Ta dubi Sallau a durƙushe, ta dubi ƙasa, da gaske take son taimako.

"Malam, wani abu ne ya faɗi?"