Bindigar Baba a Hannun Maƙerin Jega

Ku matso ku ji, jikokina. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, birai suka addabi dawarmu a Gehuru. Baba ya ja akuya, ina biye da shi, muka tafi Jega don ya fanso tsohuwar bindigarsa. Da yunwa ya sayar wa wani maƙeri ita, a kuɗin akuya guda.

Maƙerin ya ce, "Malam, yanzu sai akuya uku. Kowa nema yake."

"Haba! Ƙotar ma a tsage take, ni na ɗaure ta da fata."

"To, fatar ma ta yi tsada."

Baba ya sunsuni bakin bindigar, ya ajiye. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba.

Birai suka cinye dawa. Maƙerin ya je Makka. Baba kuwa, har ya rasu da gwangwani yake korar biri.