Gadar da Kwamfuta Ta Ƙi Ƙarasawa

Injiniya, ka ce lissafinka ya tsaya a tsakiya, kana neman dabarar da za ka tura shi ya wuce? Ja kujera tukuna ka ji wani misali.

An taɓa ba wani injiniya aikin zana ƙaramar gada a kan rafin da ya raba wani ƙauye da kasuwarsa. Kafin a zuba kankare, sai ya gina ta a cikin kwamfuta, ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana kamar idanun raga, ya shiga ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan don ya ga inda za ta tsage. Nauyin bai kai na babbar mota cike da kaya ba, lissafin ya tsaya cak. Hoton ƙarshe da ya fito kuwa gada ce lafiya lau, ko tsaga ɗaya babu. Ya sake, nan dai lissafin ya tsaya. Ya ɗora wa wutar lantarki laifi, ya ɗora wa tsufan na'urar, har ya ari ta abokinsa, ita ma a nan ta ja birki. Ga damina tana matsowa, ga mutanen ƙauye suna ta aike. Sai mutumin naka ya ce ai gani ya kori ji, ya buga hoton nan da launinsa mai kyau, ya sa hannu.

Abin da yake ƙona min rai shi ne, bai taɓa buɗe ɗan fayil ɗin da kwamfutar take rubuta dalilin tsayawarta ba. Da ya buɗe, da ya ga a daidai wannan nauyin ne kankaren ya dare, lissafi ya rasa madafa, hoton da yake taƙama da shi kuma na gab da karyewa ne. Aka gina gada. Wata ranar kasuwa mota cike da buhunan albasa ta hau, gadar ta rabe biyu ta zauna cikin rafi. Allah ya tsare rai, amma direban ya rasa ƙafa ɗaya, mutanen ƙauyen kuma suka koma ɗaukar masu naƙuda a kan gado suna ratsa ruwa da su.

Saboda haka kada ka tura komai. Koma ka bincika me ya sa na'urarka ta yi shiru a inda ta yi. Hausawa sun ce, shiru ma magana ce.