Mai Garayar Turawa a Motar Luƙman

Rigimar farko tsakanin Luƙman da Hajiya Hansai a kan kiɗa aka yi ta. Ranar da ya fara kai ta asibiti ta ce, "Kashe gwangwanin nan kafin jinina ya hau."

Yau kuwa, a hanyar asibitin Al-Shifa, jikarta Bilƙisu ce ta miƙa hannu ta kunna. Luƙman son yarinyar yake, amma shi direba ne, ita 'yar likita, kuma ba mai iya tunkarar uban sai tsohuwar nan.

Jita ta ja a hankali. Hajiya ta kasa kunne.

"Kai, mai garayar nan, wa ya mutu masa?"

"Makaɗin gangar ƙungiyarsu, Hajiya. Tsohon faifan rok ne. Turawan ma ba su saya ba, wai ya yi sanyi. Ni ko ban ga kamarsa ba. Ji nan, muryarsa ta karye, kuma bai sake ɗauka ba."

"Wallah, hilu," in ji Bilƙisu da Larabcin da ta tashi da shi, wato da daɗi, idonta a madubi, inda nasa yake.

"Ke da Hausa ma ta gagare ki, yaushe kika san kukan Bature?" in ji Hajiya.

Bilƙisu ta sunkuyar da kai. Luƙman ya ci gaba da kallonta a madubi.

Hajiya ta gyara mayafi.

"Mai garaya ya fi ka zuciya, shi ya faɗi nasa. Ran Juma'a ka zo da manyanka. Likitan nan ni na haife shi. Yanzu dubi titi, kada ka kashe mu kafin ɗaurin aure."