Daga Gida Sai Makaranta

Tayar gaba Mai Tabarau ya fara shura, don ya ga haka masu sayen mota suke yi. Bai san abin da ake nema a shurin ba, amma ya shura da ƙarfi, ya gyaɗa kai.

Dillalin, wanda duk layin masu motoci ke kira Tsakani-da-Allah saboda ko gaisuwa ba ya iya yi sai ya haɗa da rantsuwa, ya buɗe masa ƙofa, ya nuna mita da bakin makulli. Kilomita dubu talatin da 'yan kai.

"Motar malami ce, yallaɓai. Tsakani da Allah, daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida."

Mai Tabarau ya yi shekaru yana gyara wa mutane gani, don haka bai ga dalilin kiran wani ya duba masa ba. Ya kwashe ajiyarsa, ya lallaɓa uwargida ta sayar da firizar da take sana'ar ƙanƙara da ita, bisa alkawarin kafin zafi ya dawo zai sayo mata wadda ta fi ta.

Tun ranar farko ya gane motar tana da kwarjini. Da ya doso kwana, masu babur sai su dare. Masu tafiya a ƙasa su haye dakali. Wani mai lemo ma da ya hango shi daga nesa, tirensa ya sungume ya shige shagon aski. Mai Tabarau yana ɗaga musu hannu, yana jin daɗin yadda mota ke ƙara wa mutum girma.

Uwargida kuwa ba ta ga girma ba, rami ta gani. Yana nan a gabanta, wurin sa ƙafa, an rufe shi da tabarmar roba. Ta kuma lura kusurwoyin motar duka huɗu sun sha gyara, ba a bar ko ɗaya tana kishi ba. Da aka yi ruwa, wasu ƙananan huji a rufin suka yi mata wanka har kujera.

"Ke dai ba ki san mota ba," in ji shi.

Ba a rufa wata ba motar ta yi tari a tsakiyar shataletale, ta yi shiru. Bakanike ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hula kamar ya zo ta'aziyya.

"Maigida, wannan injin ya girme ni. Mitar nan juya ta aka yi."

Tsakani-da-Allah ya ce abin da aka saya an saya. Uwargida ta ce ita ba ruwanta da mita: ko firiza ta dawo, ko ya ɗauki filonsa ya koma kwana a motar, tunda ita ya zaɓa. Da ya ga ta fito masa da filon da gaske, sai ya shigar da ƙara.

A kotu ne ya gane cewa sanin an cuce ka daban, nuna wa shari'a daban. Lauyan dillali, wani matashi mai ƙamshin turare, ya riƙa jefo tambaya a hankali kamar mai ba yaro magani. Akwai wanda ya ga ana juya mitar? Babu. Tsohon mai motar fa? Allah ya yi masa rasuwa. Maganar bakanike? Ai ra'ayi ne, kuma kowa ya san bakanike bai taɓa ganin inji mai lafiya ba. Dillali ya tashi ya maimaita zancensa, bai ƙara ko wasali ba.

Mai Tabarau ya waiga. Uwargida tana benci na baya, ta harɗe hannuwa.

Mai shari'a, wata dattijuwa da ba ta yi murmushi ba tun safe, ta ce a fita a ga motar, tunda an jawo ta har harabar kotu.

Suna fita ɗan sandan kotu ya hango motar, ya ja da baya ya laɓe a jikin bishiya. Lauyan ya yi turus, ya shiga sassauta wuyan riga. Mai shari'a ta zagaya motar sannu a hankali. Ba ta kalli mita ba. Ta ɗan ɗaga ƙofar direba sama kafin ta ja, ƙofar da Mai Tabarau ya sha kokawa da ita, sai ga ta ta buɗe salin-alin. Ta zauna, ta miƙe baya, ta riƙe sitiyari da hannu biyu ƙam, ta duba madubi. Sai ta saci kallon kujerar gefe, wadda babu kowa a kai.

Ta fito tana share gumi, ta yanke hukunci a nan tsaye: dillali ya karɓi motarsa, ya mayar wa mai ƙara abin da ya biya, har da ladan jan mota.

Tsakani-da-Allah ya dubi lauyansa, lauya ya dubi takalminsa.

"Ranki ya daɗe, bisa wace shaida? Tsakani da Allah ban yi ƙarya ba! Malami ne, daga gida sai makaranta!"

"Wannan kam gaskiya ka faɗa," in ji mai shari'a. "Abin da ka manta ka faɗa, makarantar ta koyon tuƙi ce, kuma ni, da lauyanka, da rabin garin nan, duk a cikin wannan motar muka koya."