Wanda Ya Taɓa Obin ɗin Rabi'atu

Malam Shitu ya kwance sukuru na huɗu, ya janye murfin bayan obin ɗin gasa kek, ya leƙa ciki, sai ya ja wani tsaki da ya watsa kajin da ke bakin kicin.

Shekara talatin ya yi yana aikin wuta a kamfanin gurzar auduga na Funtuwa kafin ya ajiye aiki, bai taɓa ganin ƙazamin aiki irin wannan ba. Ƙarfen zafin, lanƙwasasshen nan da ke yin ja idan an kunna, sabo ne fil, amma ya fashe ta tsakiya. An ɗaura wayar wuta tsirara, ko salatif babu, tana gogar jikin obin. Wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa kuwa an bar ta tana lilo.

Abin da ya kusa kashe masa 'ya ke nan shekaranjiya. Rabi'atu ta kama ƙofar obin da jiƙaƙƙen hannu za ta duba kek ɗin biki, wuta ta fizge ta, ta maka ta da bango. Ga ta can zaune a kan turmi, hannun dama naɗe da bandeji, ga cikin wata bakwai.

"Wa ya taɓa obin ɗin nan?"

"Wani mai gyara ne, Baba. Daga Malumfashi."

"Sunansa?"

"Ban riƙe ba."

Ba ta riƙe ba! Mutum ya shigo gidanki, ya haɗa miki tarkon mutuwa, ki ce ba ki riƙe sunansa ba. Ga ubanki da rai, wanda ko Turawan kamfani sai sun tambaye shi kafin su taɓa waya, amma sai a tafi har Malumfashi a kwaso jaki. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ƙudurta sai ya san ko wane ne, ko da zai bi gari gida-gida.

Ya ɗaure fasasshen ƙarfen a bayan keke, ya nufi shagon Fidelis, mai sayar da kayan wuta a bakin tasha. Sau biyu yana wuce shagon bai gan shi ba. Ya tsine wa 'yan kasuwar zamani da ba sa barin allon shago ya yi wata guda a wuri ɗaya.

Fidelis haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Yana hango shi ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da ƙarfen, daidai girmansa, tun ba a nuna masa tsohon ba.

"Wa ya sayi irin wannan a makon nan?" in ji Malam Shitu.

Fidelis ya shiga goge kanta da tsumma. "Mutane da yawa suna zuwa, Baba. Ko in rufe shago in zo in ɗaura maka?"

Malam Shitu ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Yaron da aka haifa lokacin shi Malam Shitu ya daɗe da riƙe filaya, shi ne yau zai ɗaura masa waya! Ya fizgi ƙarfensa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Da ya dawo, ya tarar Rabi'atu ta riga ta zare fis ɗin gidan, tana riƙe da shi a hannun hagu. Ya durƙusa bayan obin, ya zura hannu yana laluben bakin waya, sai ya taɓo wani abu a lungu. Sukudirebarsa ce mai jan ƙota, wadda ya kwana shida yana birkita ɗakinsa yana nema.

"To, ashe har ɓarawo ne!" Ya ɗaga ta sama. "Ya kusa kashe min 'ya, kuma da kayan aikina!"

Rabi'atu ta kawar da kai.

Ya zaunar da sabon ƙarfen, ya fere bakin wayoyi, ya murɗe, ya naɗe da salatif har ninki uku, yana yi yana zage-zage ƙasa-ƙasa. Ya ɗauki murfi zai rufe.

"Baba, wayar ƙasan fa?"

Wayar kuwa tana nan tana lilo. Ya daka wa Rabi'atu tsawa cewa ya gani, yana sane, ba ita za ta koya masa aikinsa ba. Ya ɗaure ta tamau, ya mayar da sukurori, ya karɓi fis ya maƙala. Cikin minti biyu ƙarfen ya yi ja zur. Ya dafa ƙofar da bayan hannu, shiru, babu ko tsikari.

Aiki ya yi kyau, amma zuciyarsa ba ta huce ba. Ya dubi bandejin, ya dubi cikin da ke gabanta. Tun da 'yarsa ta ƙi faɗin suna, Fidelis ma ya ƙi, akwai Alƙalin da ba ya bukatar a gaya masa suna.

"Ni na yafe masa, Baba," Rabi'atu ta ce da sauri, don ta ga ya juya gabas.

"Ke kika yafe. Ni ban yafe ba."

Ya cire hula, ya ɗaga hannuwa biyu. "Duk wanda ya ɗaura wayar nan, duk inda yake, tsakanina da shi Allah ya..."

Ta zabura daga kan turmi da nauyinta, ta toshe masa baki da ƙonannen hannun, tana kuka.

"Kada ka ƙarasa, Baba, don girman Allah. Babu wani mutumin Malumfashi. Kai ka ɗaura ta ranar Talata, ina tsaye ina haska maka tocila."