Ƙorafin Baba Ɗantani

Tun da aka kafa sabuwar dokar, duk wanda ya yi ƙorafi a dandalin wata manhaja, muryarsa takan tare a wayar manajan, tana maimaita kanta bayan kowace salla, har sai mai ƙorafin ya ce ya yafe da bakinsa.

Nafi'u ne manajan wata manhajar kiran adaidaita a Kano. Wani tsoho, Baba Ɗantani, ya yi kukan cewa rubutunsu ya yi ƙanƙanta. Nafi'u ya ba shi amsa a bainar jama'a: "Baba, a nemi tabarau."

Da muryar ta ishe shi, ya sa aka ƙara girman rubutun, ya nufi gidan tsohon a unguwar Kurna neman yafiya. Ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana zaman makokin tsohon.

An idar da la'asar, yana yi wa babban ɗan marigayin ta'aziyya, sai aljihun Nafi'u ya ce, "Yaro, rubutunku ya yi ƙanƙanta, ba na gani."

Ɗan ya daɗe yana kallon aljihun.

"Malam," in ji shi, "don Allah gobe ma ka zo. Inna ba ta ji ba."